Agwagin Aro

Ni dai tun ina yaro ba ma ga-maciji da agwagwa. Kaza tana da ɗan kunya, in ka ce mata kur sai ta gudu. Agwagwa kuwa sai ta tsaya ta dube ka da gefen ido, ta yi maka huci, ta sauke abin da za ta sauke a bakin ƙofarka, sannan ta wuce tana rangaji. Kuma Allah da ikonsa sai aka haife ni a gidan da agwagwa ta fi ɗa daraja. Gidanmu yana bakin kanal ne, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, kuma mahaifiyata, wadda kowa yake kira Inna, tun kafin in yi wayo take kiwonsu. Kullum da safe sai su jera su fice ta zaure su faɗa ruwa, da la'asar su jero su dawo. Na girma, na yi aure, na haifi 'ya'ya, gemuna ya fara fari, amma har lokacin in za su wuce ni nake ba su hanya.

Sau nawa suka cinye mini irin tumatir da na yafa a bayan gida, ban san iyaka ba. In na kai ƙara sai Inna ta ce ai tsutsa suke cire mini, kamata ya yi in gode.

Abin da ya sa sunan Inna ya zaga ƙauyukan nan shi ne agwaginta ba sa mutuwa, kuma sirrin bai wuce kafso ja-da-rawaya ba, irin wanda ake tallansa a faranti ranar kasuwar Bunkure. Sai ta ɓare shi, ta zazzage garin a kaskon ruwansu, ta dama da yatsa. In agwagwa ta yi atishawa, kafso. In an yi ruwan sama, kafso. In an yi ƙyanƙyasa, kafso. Wani lokaci ma don kawai ta ga wata ta yi shiru a gindin bango ne. Mu ma muna yara in cikinmu ya murɗa daga nan ake ɗiba, rabi a kasko, rabi a bakina. Mata kan aiko daga nesa a tambaye ta, ita kuma ta ba da fatawa: ɗaya da safe, ɗaya da yamma, da zarar ta miƙe ki daina, kada ki yi asarar magani.

Shekarun baya kaɗan, bayan an yanke shinkafa an sako ruwan rani, sai abin ya juya. Ƙananan ne suka fara. Ido ya yi ruwa, zawo kore, sai wuya ya murɗe, sai ka ga ɗan agwagwa ya kife ta baya yana tuƙa ƙafa a iska har rai ya yi halinsa. Inna ta ba da kafso, shiru. Ta ninka, shiru. Ta ce lallai jabu aka fara sayar mata, in tayar da babur in kai ta kasuwa.

Ban taɓa ganin an tsare mutum kamar yadda ta tsare mai maganin nan ba. Mutane suka taru. Shi kuma da ya ga kasuwarsa za ta lalace, sai ya ɗauki kafso biyu ya watsa a baki ya haɗiye ba ruwa, ya ce, "Hajiya, in jabu ne, ni ma wuyana ya murɗe!"

Inna ta gyara tsayuwa ta ce, "To bari mu gani."

Wallahi sai da muka tsaya a rana muna kallon wuyan mutumin nan. Da bai murɗe ba, sai ya sayar mata da wani, ja-da-baƙi, ya ce shi ne yayan wancan. Daga baya aka kawo fari, aka kawo garin nan mai ruwan ɗorawa na shagon kayan kaji, mai kemis ya zo ya yi allura, aka jiƙa sassaƙen maɗaci, aka sa barkono. Kullum da safe sai na ɗauki gawa a buhu na kai bayan gari na binne. Cutar ta gama da ƙanana ta hau manya. Garken da in ya fito sai ya cika zaure ya koma 'yan tsiraru.

A cikin waɗanda suka kwanta har da gurguwa. Tsohuwar agwagwa ce wadda guza ya taɓa kama wa ƙafa a kanal tana ƙarama, Inna ta ɗaure ƙafar da kara da tsumma ta yi jinyarta a ɗakinta. Yawancin garken 'ya'yanta ne da jikokinta. Da ta daina cin dusa, Inna ma ta daina cin tuwo. Ina iya cewa na tsani agwagwa, amma ganin uwata zaune a kan turmi ta zabga tagumi, mata sun daina aiko tambaya, abin ya dame ni ƙwarai.

Sai na kira babban ɗana. Shi wannan tun da aka yaye shi Inna ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi, cikin agwagin nan ya yi rarrafe. Ya yi karatun likitan dabbobi, yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, inda suke neman sabon maganin cututtukan tsuntsaye. In an tambaye ni aikinsa nakan ce likita ne, in yi shiru daga nan. Na buɗe muryar wayar na ajiye a tsakanina da Inna.

"Maigidan, ka bar ni ina ta asara," in ji ta. Haka take kiransa, irin wasan kaka da jika.

Ya yi tambayoyi, ta amsa. Da ta gama lissafa masa launin magungunan da ta bayar, sai na ji ya yi salati. Ya ce, "Inna, maganin ba jabu ba ne. Cutar ce ta saba da shi. Baba, ka tuna tsutsar tumatir? Feshin da yake kashe ta da, yanzu ko a jikinta?"

Nan take na gane, domin tsutsar nan ta taɓa sa ni kuka a gona. Ya ce kullum ana ba su kaɗan-kaɗan, ana dainawa kafin a gama, sai raunanan ƙwayoyin cutar su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Ya ce irin waɗannan masu taurin kan su suke nema ido rufe, don a kansu ake gwada sabon magani. Zai zo ranar Asabar tare da shugabarsa, babbar likita ce, su ɗebi abin gwaji a jikin marasa lafiyar. "Don Allah, Inna, daga yau kada ki ƙara ba su komai. Ki bar su yadda suke."

Inna ta ce, "To, Allah ya kawo ku lafiya."

Na san wannan "to" ɗin. Da ita aka raine ni.

Washegari tun da hantsi aka fara shara. Aka kankare tsakar gida, aka zuba sabon yashi, aka wanke akurki. Ba a nan abin ya tsaya ba. Inna ta sa aka kamo 'yan masu sauran ƙarfin, ta yi musu wanka da sabulu ɗaya bayan ɗaya, ta juye duk sauran kafson da ya rage a kasko har ruwan ya koma kamar kunun ɗorawa. Na ce, "Inna, ba cewa ya yi a bar su ba?"

Ta ce, "Yaro ne, me ya sani? Zai kawo uwar ɗakinsa gidansu ta tarar da agwagi suna zawo? Ta koma ta ce wannan ko na gidansu bai iya warkarwa ba? In ta sallame shi daga aiki kai za ka ba shi wani?"

Na ce ai marasa lafiyar suke so su gani. Ta ce ba a taɓa yin baƙon da ya zo don ya ga ƙazanta ba, kawaici ne kawai irin na 'yan boko.

Da ta dubi waɗanda aka wanke ta ga ba su taka kara sun karya ba, sai ta yafa mayafi ta haye gada zuwa gidan wata ƙawarta a ƙetaren kanal, wadda cutar ba ta shiga gidanta ba. Can sai ga ta ta dawo, ana biye da ita da kwanduna. Agwagi ta aro. Manya-manya, masu sheƙi, har da wani ƙaton toro mai jar fuska. Na riƙe baki na ce, "Inna, aron agwagwa?"

"In ana biki ba a aron tabarma? Ba a aron kwanuka? To me ya raba?"

Saura marasa lafiya, gurguwa da wasu 'yan kaɗan. Ina za a kai su? Inna ta dubi ɗakunan gidan kaf, idonta ya tsaya a kan turakata. Ta ce baƙuwa mace ko ta shekara a gida ba za ta leƙa turakar maigida ba. Na yi faɗa, na yi rantsuwa, na ce ni ma fa magidanci ne, ina da iyali, ina da mutunci a garin nan. Maiɗakina ta shige kicin tana toshe baki. Kafin azahar an kife kwando a gefen katifata, an ja labule.

Ranar Asabar mota ta tsaya a ƙofar gida. Shugabar tasa mace ce mai natsuwa, ba doguwa ba, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna. Aka kawo fura, aka kawo dafa-duka. Da aka gama sai suka sa fararen riguna da safar hannu, Inna ta yi gaba tana taku ɗai-ɗai ta buɗe akurki. Agwagi suka fito fes-fes, toron nan yana gaba yana hura ƙirji.

Ban taɓa ganin mutum ya ga lafiyayyun dabbobi ransa ya ɓaci ba sai ranar. Likitar ta dubi agwagi, ta dubi ɗana. Shi kuma ya dubi kasko.

"Inna, mene ne wannan a ruwan?"

"Ƙura ce."

"Wannan toron fa? Yaushe kika yi toro mai shuni a fiffike?" Ƙawar Inna da shuni take yi wa nata alama, an goge an goge bai fita duka ba.

Inna ta ce, "Kai da ba ka zuwa gida, ina za ka san abin da nake da shi?"

Wataƙila da ta sha da wannan, amma sai direba ya shigo da kular ƙanƙara ya bar ƙofar zaure a buɗe, ga shi la'asar ta yi. Toron ya miƙa wuya ya shaƙi iska. Bai yi shawara da kowa ba ya nufi ƙofa, duk na aron suka jera a bayansa, suka ratsa ta tsakanin ƙafafunmu, suka fice suka faɗa kanal, suka miƙe sai ƙetare. Na gida 'yan tsirarun nan suka tsaya cirko-cirko a tsakar gida.

Likitar ta ce, "Mama, ina za su?"

Inna ta ce, "Shan iska."

Ɗana ya dafe kai. "Na aro ne! Sun kwana a akurkin nan, sun sha a kaskon nan! Baba, in suka shiga gidansu sun kai wa na can cutar!" Ya tattare farar riga ya yi waje da gudu ya faɗa ruwa har gwiwa. Ni kuma na haye babur na zaga ta gada, ina danna oda ina ihu a rufe ƙofar gidan ƙawar Inna. Masu ban-ruwan albasa suka bar fartanya suka taso. Aka yi ta kokawa a cikin taɓo, mai kama wuya na yi, mai kama fiffike na yi, toron ya mare ni da fiffike har hulata ta bi ruwa. Da kyar aka tattaro su aka dawo da su. Likitar ta ce ba za su koma ba sai an ga abin da hali ya yi, a ware musu wuri a gidanmu. Wato ni da nake addu'ar a rabu da agwagi, sai ga shi an ƙaro mini na maƙwabta.

Muna tsaye muna ɗigar da ruwa, ɗana ya dubi kakarsa ya sassauta murya. "Inna, ina gurguwa?"

Ni ne na gaji, na je na yaye labulen turakata. Warin da ya fito shi ya yi sauran bayani.

Likitar ta nemi izinina ta shiga, ta ɗaga kwandon, ta tsuguna. Gurguwa tana kwance, wuya ya karkace, ido ya manne. Ta daɗe tana duba ta, tana tambayar me da me aka ba ta. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana lissafawa, wannan karon ba ta ɓoye komai ba, har allurar mai kemis. Ta ƙare da cewa, "Kada ki ga laifinsa, 'yar nan. Ya faɗa mini, ni ce ban ji ba."

Likitar ta ce, "Mama, ba wanda zai ga laifinsa. Ni da za ki ba ni wannan, da kin gama mini komai. Abin da ya sha duk waɗannan magunguna bai mutu ba, shi muke yawon nema."

Fuskar Inna ta washe. "To ku tafi da ita ku yi mata maganin, in ta warke ya dawo mini da ita."

Ɗana ya sunkuyar da kai. Likitar ce ta yi magana, kuma na ji daɗi da ba ta yi mata kwana-kwana ba. Ta ce cutar ta riga ta shiga ƙwaƙwalwa da hanta, can za su ɗebo ta, agwagwar ba za ta dawo ba. Ta ce maganin ma babu shi tukuna, nemansa ake yi. Sai an raini cutar a ɗakin gwaji, a yi ta jarraba mata abubuwa har a dace da wanda zai kashe ta bai kashe tsuntsun ba, kuma wannan aikin shekaru ne.

"Sauran agwagina fa?" in ji Inna.

"Za mu gwada mu ga ko akwai wani tsohon magani da zai ɗan taɓa ta. Amma ba zan yi miki alkawari ba."

"To wa zai sha sabon?"

"Agwagin wasu, Mama."

Sai na ji raina ya ɓaci. Na ce su bar mata abarta ta mutu a gida, tsohuwa ta yi shara ta yi girki ta ci bashin kunya a maƙwabta, a ƙarshe a ɗauke mata ɗayar da ta fi so a ce wasu ne za su amfana? Ina cikin faɗa Inna ta ce mini, "Kai, rufe mana baki." Ta shiga ɗakinta ta fito da wani tsohon zane mai tsabta. Ita da kanta ta ɗauki gurguwa ta naɗe ta, ta sa a kwali, ta gyara mata wuya. Ta miƙa wa jikanta, ba ta kira shi maigida ba, ta ce, "Ga amana. Kada ka bari ta mutu mushe. Ka yanka ta da hannunka, ka ambaci sunan Allah." Ya karɓa da hannu biyu ya ce insha Allahu. Ba ta raka su zaure ba.

Sakamakon gwajin ya zo da wani magani da aka ce a gwada, ya ɗan taimaka, amma ya zo a makare. A cikin na aron wasu suka mutu, aka mayar da sauran. 'Yan kaɗan ɗin da suka tsira a namu, bayan an tabbatar sun warke, Inna ta sa aka kai wa ƙawarta a madadinsu, duk da matar ta yi ta rantsuwar ta yafe. Gidan ya zama ba agwagwa ko ɗaya. An kawo mata kyautar 'yan ƙanana ya fi a ƙirga, tana mayarwa. Ta ce ba za ta sake kiwon abin da ba ta da maganinsa ba, sai na jikanta ya fito.

Da ya gaya mata cewa cutar da aka ɗebo a jikin gurguwa tana nan da rai, an adana ta a wani firji da ba a ɗauke masa wuta, sai da ta yi dariya har da hawaye. Ta ce duk garkenta ba wanda ya ci ribar zaman duniya sai cutar, ga ta can a birni tana shan sanyi, mu muna nan muna fifita da mafici. Tun daga nan in ya kira, kafin ta tambayi matarsa da yara sai ta ce, "Yaya mutuniyar? Ta mutu?" Ya ce tukuna, Inna, amma an samu wani abu da ya fara ba ta wahala. Ta ce a ƙara mata.

Yanzu ƙafa ta hana ta zuwa ko bakin kanal, kunne ma ya yi nauyi, sai na riƙa maimaita mata abin da ya faɗa. Kwanan baya ya kira, ya yi mini bayani mai tsawo, wai abin da suka samu ya yi aiki a kwalba, saura a gwada a jikin tsuntsu, bayan nan kuma akwai wasu matakan, kowanne da shekarunsa. Da na kashe wayar ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce an kusa."

Ta dube ni. "Ƙarya kake yi, na ga fuskarka." Ta murza gwiwa, sannan ta ce, "In ya sake kira ka ce masa ya ɗan hanzarta. Ni ba a firji nake ba."